Ɗumin Ƙasa da Gajartar Yini: Aikin Lambu a Ingila Daga Agusta Zuwa Shigowar Hunturu

Wannan lacca ta shafi lambun Ingila, musamman ƙananan filayen da hukumomin gari ke bai wa mazauna haya domin su noma kayan miya da 'ya'yan itatuwa, kuma lokacin da za ta tsaya a kansa shi ne makonnin da ke tsakanin tsakiyar Agusta da ƙarshen Oktoba, wato ƙarshen lokacin zafi da farkon kaka, kafin hunturu ya kankama a Disamba. Wata doka ta 1908 ce ta ɗora wa hukumomin alhakin samar da irin waɗannan filaye idan mutanen gari suka nema, kuma a bisa al'ada girman fili guda kimanin murabba'in mita 250 ne. Dokokin 1922 da 1950 kuwa sun hana wa'adin sallamar ɗan haya ya cika tsakanin 6 ga Afrilu da 29 ga Satumba, domin kada a raba mutum da amfanin da ya shuka tun yana tsaye, ke nan ko a idon doka ƙarshen Satumba ne gaɓar da shekarar lambu ke rufewa wata ta buɗe.

A ƙasar Hausa ruwan sama ne ke yanke wa manomi lokacin aiki, amma a Ingila, inda ruwa ke sauka a kowane wata na shekara, haske da sanyi ne ke yanke shi. Birnin Landan yana kan digiri 51 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuma tana kan digiri 12, saboda haka yinin Landan yakan zarce awa 16 da rabi a ranar 21 ga Yuni, ya dawo ƙasa da awa 8 a ranar 21 ga Disamba, alhali a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. A cikin Satumba Landan na rasa kusan minti huɗu na haske a kullum. Yawancin kayan lambun wannan yanki girmansu kan tsaya, ko ya ragu ƙwarai, idan zafin iska ya sauka ƙasa da digiri 5 ko 6 a ma'aunin Salsiyos, ko kuma tsawon yini ya gaza awa 10, abin da ke faruwa a Landan daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu. Sai dai ƙasa ba ta saurin hucewa kamar iska, tana riƙe da zafin da ta sha a Yuli da Agusta, har ta kai ƙasar Satumba ta fi ta Afrilu ɗumi nesa ba kusa ba. A kan wannan ɗumi da ya saura duk aikin lokacin ya rataya: a ƙarasa da shi amfanin da ba ya jure sanyi, a kafa da shi amfanin da zai yi hunturu a waje, sannan a hana shi zama sanadin tsiyayewar albarkar ƙasar.

Amfanin da ake gaggawar ƙarasawa kusan duk baƙi ne, domin tumatir da dankalin Turawa da kabewa da waken da ke hawa sanda asalinsu nahiyar Amurka ne, kuma dare guda na daskararriyar raɓa ya isa ya kashe ganyensu. Daskararriyar raɓa ita ce ƙanƙarar da ke kwanta wa tsiro a daren da sama ta washe kuma iska ta tsaya, lokacin da ƙasa ke sakin zafinta ba tare da gajimare ya tare shi ba, sai ruwan da ke cikin ganye ya daskare ya lalata naman ganyen. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka takan gangara ta taru a kwari ko gindin shinge, shi ya sa lambu biyu da ke unguwa ɗaya kan bambanta da makonni wajen ganin raɓar farko. A kudancin Ingila ana sa ranta daga Oktoba zuwa Nuwamba, a tsaunukan arewa kuma tana iya riga haka. Saboda wannan ne ake tsinke kan tumatirin waje a Agusta da zarar ya ɗauki reshe huɗu na 'ya'ya, domin furen da ya fito bayan haka ba zai kai ga nuna ba, ƙarfin tsiron kawai zai cinye. Ɗanyen tumatirin da sanyi ya riska akan ajiye shi a ɗaki tare da nunanniyar ayaba, wadda ke fitar da iskar etilin mai hanzarta nuna.

Babbar barazanar dankali da tumatir a wannan lokaci ita ce cutar ƙunar ganye, wadda wata ƙwayar halitta mai kama da funfuna, mai suna Phytophthora infestans, ke haddasawa. Ita ce ta ruɓar da dankalin ƙasar Ailan daga 1845, ta jawo yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da haka zuwa ƙetare, kuma manoman dankali na Bokkos da Mangu a Jihar Filato sun san ɓarnarta a damina mai yawan hazo. Tana farawa da tabo mai ruwan ƙasa a gefen ganye, da wani farin gashi-gashi a bayansa, kuma idan ta sami ɗumi da laima kwanaki kaɗan sun ishe ta ta baƙanta fili. Tun 2017 ana gargaɗin manoman Birtaniya da wani ma'auni da cibiyar bincike ta James Hutton da ke Sikotilan ta fitar: kwana biyu a jere da zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma a kowace rana laimar iska ta kai kashi 90 cikin ɗari na aƙalla awa shida. Mai ƙaramin lambu ba shi da maganin feshin da zai warkar da ganyen da ya kamu, abin da ya rage masa shi ne ya yanke ganyen dankalin daga gindi ya fitar da shi, sannan ya yi haƙurin mako biyu zuwa uku kafin ya tona. Hikimar jiran ita ce ƙwayoyin cutar da suka zuba a ƙasa su mutu, fatar dankalin kuma ta yi ƙwari, domin wanda ya yi garajen tonawa yakan shafa wa dankalin cutar da hannunsa, sai bayan wata guda wari ya sanar da shi abin da ke cikin buhu.

Albasa ce ta fi kowane amfani bayyana ikon da tsawon yini ke da shi. Irin da ake nomawa a Ingila ba ya fara kai sai yini ya kai awa 14 zuwa 16, a Agusta kuma ganyensa ya kwanta, a tumɓuke shi a shanya mako biyu ko uku har wuyansa ya bushe ƙayau, wadda wuyanta ya yi kauri a fara ci da ita domin ba ta ajiyuwa. Albasar Galmi ta yankin Tawa a Nijar kuwa gajeren yini ya ishe ta, saboda haka idan aka shuka ta a Ingila takan yi kai tun tana ƙarama, irin Ingila kuma a Kano ganye kawai zai yi ta zubawa. Wannan ilimi yana da amfani ga Hausawa mazauna Birtaniya masu sha'awar shuka kayan gida, domin yakuwa, alal misali, ba ta fure sai yini ya gajarta zuwa wajen awa 12, kuma a Landan hakan ba ya zuwa sai ƙarshen Satumba, lokacin da sanyi ya riga ya fi ƙarfinta. Ganyenta na miya yana samuwa a ɗakin shuka na gilashi, amma zoɓo sai dai a sayo.

Shukar da ake kafawa domin ta yi hunturu a waje ita ce mafi saurin kuɓucewa, domin jinkirin mako biyu a Agusta yana iya zama asarar wata guda ko fiye a girbi. Kabejin da za a ci a Afrilu da Mayu ana zuba irinsa a ƙarshen Yuli ko a Agusta, a dasa shi a Satumba ko Oktoba, ya kafa saiwa a ƙasa mai ɗumi, sannan ya tsaya cak har haske ya dawo. Darajarsa tana ga lokacin da yake zuwa, domin watannin nan biyu su ne na fatara a lambun Ingila, ajiyar bara ta ƙare, sabuwar shuka kuma ba ta kawo ba. Tafarnuwa tana shiga ƙasa a Oktoba ko Nuwamba, kuma ita sanyin take nema, domin yawancin irinta sai ya sha wata ɗaya zuwa biyu a zafin da bai wuce digiri 10 ba kafin kansa ya rabu gida-gida, in ba haka ba ya fito dunƙule guda. Dangin kabeji masu jure sanyi har zaƙi suke ƙarawa bayan raɓar farko, saboda suna tara sukari a jikinsu, ruwa mai sukari kuma ba ya saurin daskarewa.

Sauran ayyukan ba sa buƙatar dogon bayani. Itatuwan fulam da ceri ana rage musu rassa kafin zafi ya wuce, domin cutar da ke mai da ganyensu launin azurfa ta fi shiga ta sabon yanka a kaka da hunturu. Askin shinge akan jinkirta shi zuwa Satumba, tun da wata doka ta 1981 ta hana lalata sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita. Ana tsiyaye bututun ruwa a kuma ɗauke tukwanen yumɓu, saboda ruwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. Tuffa kuwa ba duka ke ajiyuwa ba: mai nuna da wuri, kamar irin Discovery, ta ci ce nan take, amma Bramley, wadda asalinta ƙwallo ne da aka shuka a garin Southwell a 1809, tana yin watanni idan aka jera ta a wuri mai sanyi ba tare da wata ta taɓa wata ba. Karas da dankali a da akan tara su tsibi a kan tattaka, a rufe da wata tattakar da ƙasa, a bar kafar shan iska a sama, wanda shi ne rumbun mai lambu kafin zuwan firiji.

Aikin da aka fi sakaci da shi, kuma wanda a ra'ayin wannan lacca ya fi sauran nauyi, shi ne na fangalin da aka kwashe amfaninsa aka bar shi tsirara. Ɗumin da ke kafa kabeji shi ne kuma ke sa ƙananan halittun cikin ƙasa su ci gaba da ruɓar da saiwoyi da taki, suna mai da sinadarin naitirojin da ke ciki zuwa naitiret, wato nau'insa mai narkewa a ruwa wanda saiwa ke iya sha. Idan babu saiwar da za ta sha shi, ruwan kaka da hunturu, wanda rana ba ta da ƙarfin busarwa, sai ya tafi da shi can ƙarƙashi, daga nan zuwa rafuka. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted, wadda John Bennet Lawes ya kafa a 1843 ya kuma yi aiki a cikinta tare da Joseph Henry Gilbert, an gina ma'aunai a 1870 da ke tara ruwan da ya ratsa ƙasar da ba a shuka komai a kanta ba, kuma awon ya nuna yadda naitiret ke bin wannan ruwa shekara bayan shekara. Maganin shi ne takin ɗanyen ganye, wato shukar da ake yi domin ƙasa ta ci ba domin tukunya ba. Akwai wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi da ake watsawa a Satumba ko farkon Oktoba, ya tsotse naitiret ɗin ya riƙe a jikinsa, a datse shi a mai da shi ƙasa a Maris. Akwai kuma dangin wake masu jure sanyi, waɗanda kamar gyaɗa suke ƙara naitirojin daga iska ta hanyar ƙulle-ƙullen saiwarsu. Hatsin yana da sharaɗi guda, domin ruɓewarsa na hana ƙananan iri tsira, saboda haka sai an bar mako uku ko huɗu kafin a shuka karas ko latas a gurbinsa.

A nan ne ake samun saɓani tsakanin masu lambun Ingila. Tsohuwar koyarwa ita ce a kafce ƙasar laka a kaka, a bar ta manyan hoge, domin daskarewa da narkewa su farfasa ta kafin Maris. Wasu kuma, waɗanda fitaccensu a yau shi ne Charles Dowding na yankin Somerset, suna ganin kaftu yana rusa hanyoyin da tana ta haƙa, yana kuma tono irin ciyawar da ke binne, don haka suna shimfiɗa ruɓaɓɓen taki a saman fangali su bar tana ta shigar da shi. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman a ƙasa mai yashi wadda kaftun kaka ba ya ƙara mata komai sai zaizaya, amma tana da tsadar da ba a cika faɗa ba: shimfiɗar santimita 3 a kan murabba'in mita 250 tana cin taki kubik mita bakwai da rabi, abin da ya fi ƙarfin juji guda na bayan lambu. Shi ya sa ganyen da itatuwa ke zubarwa a Oktoba da Nuwamba yake da daraja, ana tara shi a keji na waya, funfuna ta ruɓar da shi a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa jiƙaƙƙiyar laka ba a taka ta, domin nauyin mutum yana matse kafofin da iska da ruwa ke bi, kuma wanda dole ta sa ya shiga fangali bayan ruwan Oktoba ya fara sai ya shimfiɗa katako ya bi ta kansa.