Jawabi Ga Masu Huda Ƙarfe: Tangaɗin Mahuji



Yau maganarmu a kan mariƙi ce, watau kan nan mai haƙora uku wanda ke damƙe mahuji a jikin injin huda ƙarfe. Irin wanda ake ɗaurewa da mabuɗi, wani Ba'amurke ne, Arthur Jacobs, ya ƙago shi a 1902, har yanzu kuwa ana aiki da shi ko'ina.

Aikin mariƙi shi ne ya tsai da mahuji a tsakiya sosai. In ya kauce ko kaɗan, sai ka ga bakinsa yana tangaɗi sa'ad da inji ke juyawa. Mahuji kuwa kaifi biyu gare shi. In yana tangaɗi, ɗaya ne zai ɗauki yawancin aikin, ya dakushe da wuri. Huda ta fi yadda ake so faɗi, ƙusa ta shiga tana rawa, ƙaramin mahuji kuwa ya karye. Ga hasarar ƙarfe, ga ta kuɗi, ga zubar da mutunci wurin mai kaya.

To, yaya ake gane wannan? Kashe inji tukuna. Ka ɗaura miƙaƙƙen sandan ƙarfe mai santsi a mariƙi, ka ɗora masa bakin agogon awo, sa'an nan ka juya da hannu sannu a hankali. Mariƙi na kirki ba ya barin allurar agogo ta motsa fiye da kamar kashi 3 ko 4 cikin 1,000 na inci, watau kimanin kaurin silin gashi. In ta zarce haka ƙwarai, akwai aibi.

Amma kada ka yi gaggawar zargin mariƙi. Sassauta shi, ka juya sandan rabin kewaye, ka ɗaure, ka sake awo. In tudun ya bi sandan, sandan ne ya tanƙware. In ya tsaya inda yake, ka cire mariƙi ka auna sandar injin kanta, gama watakila ita ce ta lanƙwashe, ko mazauninta ya cinye. Sau da yawa kuwa laifin duka na ɗan burbushin ƙarfe ne da ya maƙale a soket ko tsakanin haƙora.

Saboda haka ku riƙe abu huɗu. Ku goge soket da gindin mariƙi tas kafin ku haɗa su. Ku ɗaure a kafofin mabuɗi duka uku. Kada ku bugi mabuɗi da guduma, domin duka yana ɓata haƙora. Kuma lalle ku zare mabuɗi kafin ku ta da inji, don kada ya yi tsalle ya ji wa wani ciwo.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In ka ga mahuji yana tangaɗi, tsai da inji, ka gyara tukuna. Allah ya yi wa sana'a albarka, amin.