Kafin Ka Sayi Babur Na Hannu



Yau batunmu sayen babur na hannu ne. Kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka.

Da farko, je da bakanike. Ya gwada birki, ya duba taya da fitila. Su ne abubuwan da jami'an VIO, masu binciken lafiyar abin hawa, ke dubawa.

Na biyu, takardu. Lambar inji ta dace da ta takarda? In ba ta dace ba, janye, wataƙila na sata ne. Karɓi rasidi a gaban shaidu.

Na uku, san haƙƙinka. A shari'ar Musulunci, in mai sayarwa ya ɓoye aibi, kana iya mayar masa da kayansa.

Duba kafin ka biya, malam. Duba kafin ka biya.

A huta lafiya.