Keke Mai Naɗewa: Duba Nan Kafin Ka Zaro Kuɗinka

Gaisuwa gare ku masu bibiyar wannan shiri daga Maraɗi da Katsina, Ƙonni da Illela, Damagaram da Daura, har zuwa Garwa da zangon Kumasi. Yau zancenmu na keke ne, amma ba dogon keken nan da kakanninmu suka kai amfanin gona kasuwa da shi ba. Ƙaramin nan ne mai ƙananan tayoyi, wanda ake karya shi a tsakiya a naɗe, a jefa a but ɗin mota ko a tura ƙarƙashin gado.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na kabu-kabu suka tashi, kuma zafin abin ya tsallako iyaka, don mun san inda man bakin hanya yake fitowa. Mutane da dama sun koma wa keke. A cikin tambayoyin da kuke aiko mana, wadda ta fi maimaituwa ita ce: wannan mai naɗewar da muke gani a wajen 'yan gwanjo, abin arziki ne ko kayan wasan yara? To amsar ta danganta da wanda ka saya, da kuma hanyar da za ka bi da shi.

Ba sabon abu ba ne fa. Tun cikin shekarun 1890 wani hafsan sojan Faransa, Kyaftin Gérard, ya fito da keken da soja zai naɗe ya goya a baya, kamfanin Peugeot ya ƙera. A yaƙin duniya na biyu kamfanin BSA na Ingila ya yi wa sojojin laima nasu, suna dirowa da shi daga jirgin sama. Raleigh ma, wato Ralin nan da muka sani, ya fitar da wani mai suna Twenty a ƙarshen shekarun 1960. Amma waɗanda suka cika duniya a yau biyu ne tushensu. Akwai Brompton, wanda Andrew Ritchie ya zana a Landan a 1975, kuma har gobe a Landan ake haɗa shi. Akwai Dahon, wanda David Hon, masanin kimiyya, ya kafa a Amurka a 1982. Daga baya a 2011 ɗansa da matarsa suka kafa nasu mai suna Tern.

Ka lura da inda aka haifi abin: garuruwan jirgin ƙasa da ƙananan ɗakuna. A Landan, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana karɓar keken da aka naɗe a kowane lokaci, alhali babban keke an taƙaita masa layuka da sa'o'i. A Japan sai ka sa keke cikin jaka kafin ka shiga jirgi da shi. Wato an yi shi ne don mutumin da zai yi 'yan kilomitoci kan kwalta, ya hau wani abin hawa, ya sauka, ya ƙarasa. Idan tafiyarka ta yi kama da wannan, to kai ake nema. Ɗalibi mai kai-komo tsakanin gida da makaranta, ma'aikacin da ke hayar ɗaki ɗaya ba shi da zauren ajiya, ɗan kasuwar da zai shiga mota daga Katsina ya sauka tashar Maraɗi yana da wurare huɗu da zai zaga. Babban keke sai an ɗaure shi a saman mota, an yi ciniki da ɗan kamasho kamar ka ɗauko buhu. Wannan kuwa ka naɗe ka sa a buhu, shi ke nan. Ɓarawo ma ya rasa ta yi, tunda tare da kai yake kwana. Ga shi jikinsa ƙasa-ƙasa ne, mai doguwar riga da mai zane za su hau ba sai an ɗaga ƙafa sama ba.

Amma idan kana ƙauye, hanyarka rairayi ce, kuma kana son ɗauko jarka biyu ta ruwa ko buhun gero, malam ka riƙe kuɗinka ka sayi dogon Phoenix ko Hero. Ƙaramar taya nutsewa take yi a yashi, rami kuma da babba zai haye ita faɗawa take yi. Sannan akwai iyakar nauyi: Dahon galibi kilo 105 suke rubutawa, Brompton kilo 110 har da kayanka. Goyon babban mutum a baya babu shi sam.

Yanzu mu shiga kasuwa. Sabon Brompton yawancin samfuransa sun haura fam 1,000 na Ingila, don haka ba shi ne za ka tarar jingine a bakin titi ba. Abin da ke zuwa mana na hannu ne, daga Japan da Turai, ta tashoshin ruwa irin su Lome da Kwatano, sai kuma sababbi masu araha daga Sin. Wata 'yar magana a nan: za ka ga keke an rubuta masa Chevrolet ko Jeep ko Hummer, mai sayarwa ya ce maka ai kamfanin motar ne ya yi. A'a. Sunan aka biya aka liƙa, keken kuma na talakawan Japan ne mai sauƙin kuɗi. Zai iya yi maka aiki, amma kada ka biya kuɗin suna.

Abu na farko da za ka duba, tun kafin fenti, tun kafin giya, shi ne lambar da ke jikin taya. Ka sunkuya ka karanta. Mai sayarwa zai ce maka inci 20 ne ko inci 16 ne, amma wannan bai isa ba, domin inci 20 iri biyu ne, inci 16 ma iri biyu ne, kuma ba sa shiga wa juna. A gefen tayar za ka ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, misali 47-406. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuma girman wilin a milimita. Idan ka ga 406, ka ji daɗi, domin girman kekunan yara ne na inci 20 da ake sayarwa ko'ina, taya da tif duk za ka samu a wajen mai faci na gari. Idan ka ga 451, ita ma inci 20 ake ce mata, amma ta fi girma, kuma ta 406 ba za ta hau kanta ba ko mutum huɗu suka taru. Haka a inci 16: 305 ita ce ta kekunan yara, ana samu; 349 ita ce ta Brompton, samunta a kasuwanninmu sai an sha wuya. Ka ga kenan mutum zai iya sayen keke mai kyau da tsada, taya ta tsage bayan wata uku, keken ya koma ado a ɗaki. A ganina, ga mai zama a yankinmu, 406 ita ce zaɓi, ko da wancan ya fi kyan gani.

Da ka sunkuya ɗin, duba bakin iska. Na Japan sukan zo da irin bawul ɗin tsofaffin kekunanmu, wanda kowane mai faci ya sani. Wasu na zuwa da mai kauri irin na babur da mota, shi ma ba matsala. Siririn nan mai ɗan noti a kai, wanda ake kira na Faransa, shi ne famfon bakin titi ba ya kamawa sai da ɗan mahaɗi. Ka tambaya a haɗa maka da shi.

Sai gaɓa, kuma a nan nake so mu daɗe, don a nan lafiyarka take. Keke mai naɗewa galibi yana da gaɓa biyu: ɗaya a tsakiyar jiki, ɗaya a gindin doguwar sandar da ke riƙe da kan keken. Ka buɗe keken, ka kulle maɗauran da hannunka, ba hannun mai sayarwa ba. Maɗauri mai lafiya yana buƙatar ɗan ƙarfi kafin ya rufe, kuma akwai ɗan makulli na biyu da ke hana shi buɗewa da kansa. Idan ya rufe da yatsa ɗaya, ya saki. Idan makullin nan ya karye an ɗaure wajen da roba ko waya, ka yi sallama ka wuce. Daga nan ka damƙe birkin gaba, ka tura keken gaba ka jawo baya. Kana jin ƙwas-ƙwas, ko kana ganin sandar kan tana rawa a gindinta? Wani lokaci noti ne kawai za a ɗaure, to a ɗaure a gabanka ka sake gwadawa. Idan rawar ba ta tafi ba, ƙusar gaɓar ta cinye raminta, kuma wannan gyara ne da ba kowane gari ake yinsa ba.

Ka goge ƙurar da ke kewayen gaɓar da tsumma, ka kai keken rana, ka bi layin walda da ido. Kana neman tsaga siririya kamar gashi, ko wurin da fenti ya kumbura, ko wurin da aka shafa sabon fenti shi kaɗai. Ka tuna idan sarƙa ta tsinke tsayawa za ka yi, amma idan gaɓar kai ta karye kana gudu, fuskarka ce za ta fara isa kwalta.

Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. Idan ya manne a jikin keken, ƙarfe ne; idan bai manne ba, galibi alminiyam ne. Alminiyam ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma in ya tsage mai waldar unguwa ba zai iya masa ba, in ma ya liƙa ba abin amincewa ba ne. Ƙarfe ya fi nauyi da kilo biyu ko uku, amma yana karɓar gyara. Mai hawa bene da keke kullum yana da hujjar son alminiyam. Ni dai a kayan hannu na fi natsuwa da ƙarfe.

Ka zaro sandar sirdi gaba ɗaya ka duba. Kusa da ƙasanta akwai layi da aka zana, iyakar inda aka yarda ka ɗaga ta kenan. Dogon mutum ya gwada: ya zauna, ya sa dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe. Idan sai ka wuce layin nan kafin ƙafarka ta miƙe, keken ya yi maka kaɗan, kuma in ka matsa jikin keken ne zai tsage a wajen. Sandar nan ma kaurinta ba irin na sauran kekuna ba ne, in ta ɓata ko aka sace samun wata aiki ne.

Batun giya gajere ne. Mai giya shida ko bakwai a waje yana da ɗan hannu da ke rataye kusa da ƙasa, yana kwasar yashi, kuma shi ne farkon lanƙwashewa idan yaron mota ya ɗora buhu a kai. Mai giya uku a rufe cikin cibiyar tayar baya, irin na Shimano ko Sturmey-Archer, ƙura ba ta damunsa sosai. Garuruwanmu yawanci shimfiɗe suke, mara giya ma ya wadatar, kuma babu abin da zai lalace.

In kun daidaita, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin keken. Mai tsallaka iyaka ya san amfanin takarda a gaban kwastan ko duwan.

To ka kawo shi gida. Ka sani ƙaramar taya ta fi babba aiki. A kilomita ɗaya, tayar dogon keke tana juyawa kamar sau 450, ta inci 20 kuwa fiye da sau 600. Don haka taya da robar birki da boris duk sun fi saurin cinyewa, ba wai an cuce ka ba ne. Iska ita ce rabin kulawar. Adadin da tayar ke so yana rubuce a gefenta, kuma duk mako ka duba, domin taya mai laushi in ta bugi bakin rami wili ne ke cije tif ya huda shi wuri biyu. Ga tsidau kuma, wanda ba ya raga wa kowa. In ka ratsa ta fili, ka tsaya ka juya tayar ka cire ƙayar tun ba ta shige ba. Mai tafiya wani gari ya riƙe tif ɗaya a jaka.

Lokacin hunturu mutane kan yi wa sarƙa wanka da baƙin mai. Don Allah a daina. Baƙin mai da ƙura in suka haɗu sun zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙoran giya, su kuma ɓata maka wando duk lokacin da ka ɗauki keken a naɗe. Ka goge sarƙar da kananzir, ta bushe, ka ɗiga man keken ɗinki kaɗan-kaɗan, sannan ka share na sama da tsumma. Gaɓoɓin ma haka: a busa yashin da ya shiga, ɗigo ɗaya na mai a kan ƙusar, a goge fuskokin da ke haɗuwa. Sandar sirdi kuwa tsumma kawai take so. In ka shafa mata mai, kana tafiya za ka ji kana nutsewa.

Wayoyin birki su ma naɗewa suke tare da keken, kullum a wuri ɗaya, kuma a nan rigarsu ke tsagewa. Duk lokacin da ka buɗe keken ka tabbata ba wayar da gaɓa ta cije, ka matsa birki biyun, ka jijjiga kan, sannan ka hau. A tasha kuma kada ka miƙa wa yaron mota ka juya baya. Ka tsaya ka ga an sa shi a ƙarshe, a saman kaya, gefen giya yana kallon sama.

Lokaci ya cim mana. Wanda ke da keken a gida ya je ya karanta lambar tayarsa ya aiko mana, tare da sunan garin da yake samun irinta, mu karanta wa sauran masu saurare a shiri na gaba. A huta lafiya.