Ciwon Sanyi: In an Kashe Maciji, a Sare Kansa



Batun da zan yi magana a kansa yau ba a cika yinsa a zaure ba, amma tun daga Mandawari har Ɗorayi babu unguwar da ba a san shi ba, watau ciwon sanyi. Mun laƙaba masa suna mai laushi, har waɗansu suna zaton wankan ruwan sanyi ko shiga masai ke kawo shi. Alhali kuwa ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta wajen saduwa, wadda wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya gano a 1879. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 82 suka kamu da shi cikin 2020.

Namiji yakan ga alama cikin 'yan kwanaki: zafin fitsari da fitar mugunya. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin kome, sai ciwon ya haura ya toshe mata hanyar ƙwai. Sa'an nan a ce juya ce, dangin miji su tsiri zancen ƙarin aure. In kuwa ta haihu da ciwon, yana iya makantar da jariri.

To, ina kuskurenmu? Kunya kan hana saurayi zuwa asibiti, sai ya faki ido ya shiga kemis ya sayi kafso biyu. Zafi ya lafa, ya ce ya warke, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Irin wannan shan magani na jeka-na-yi-ka shi ke sa ƙwayar ta yi taurin kai. Da can allurar fenisilin ke kashe ta, amma a 1976 aka sami irin da ba ta jin fenisilin, har a Afirka ta Yamma. Yau allurar Ceftriaxone aka dogara da ita.

Saboda haka, wanda ya ga alama ya nufi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a auna shi. Ya shanye abin da likita ya rubuta. A yi wa miji da dukan matansa magani lokaci guda, su ƙaurace wa juna kwana 7. Rigakafinsa kuwa kamun kai ne, sai kororon roba.

Mu da muka yi karatu, in muka yi shiru, wa zai faɗa wa ƙannenmu?