Barcin Kifin Anbar a Tsakiyar Teku



Dabbar da zan yi magana a kanta yau yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba, amma da dama daga cikinmu mun ji labarin ƙamshinta. Anbar ɗin nan mai tsada da ake sawa a turare a cikin hanjinta yake haɗuwa, shi ya sa zan kira ta kifin anbar, ko da yake huhu gare shi, yana haihuwa, yana kuma shayarwa. Namijinsa yakan kai tsawon mita 16, nauyinsa ya haura tan 40, ƙwaƙwalwarsa kuwa ta doshi kilo 8, babu wata dabba da aka sani mai ƙwaƙwalwar da ta kai tasa girma. A cikin masu farauta da haƙori, babu na gabansa.

To, yaya wannan ƙato yake barci? Ni da ku idan muka kwanta, numfashi ba ya jiran izininmu. Shi kuwa iskar da yake shaƙa tana sama, abincinsa yana ƙasa, kuma duk numfashin da zai ja sai ya taso ya buɗe ƙofar hancinsa da niyya. Idan barci ya sace shi a inda bai dace ba, ruwan da yake rayuwa a cikinsa shi zai zama ajalinsa.

Ɗan'uwansa dolfin yana da tasa dabarar. Tun a shekarun 1970, Lev Mukhametov da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyat suka auna ƙwaƙwalwar dolfin, suka ga rabi ɗaya ne yake barci, ɗaya rabin yana gadi, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, daga baya su yi canji. An daɗe ana zaton duk danginsu haka suke.

Sai a shekarar 2000, a tekun da ke arewacin ƙasar Cile, wani jirgin masu bincike, cikinsu har da Luke Rendell, ya tsinci kansa a tsakiyar kifayen anbar wajen shida. Ba iyo suke yi ba. A tsaye suke cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, kamar kurmin giginya, wasu goshinsu ya ɗan leƙo waje. Jirgin yana tafe a hankali har ya zo dab da su, babu wanda ya ko motsa. Sai da ya gogi ɗaya bisa kuskure suka farka firgigit, suka watse. An ɗauki abin a bidiyo. Abin lura a nan shi ne, jirgin ya gitta ta inda ko da ido ɗaya ne a buɗe da sun gan shi.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ta fito a 2008, a mujallar Current Biology, daga Patrick Miller na Jami'ar St Andrews da ke Sikotlan, tare da Rendell da wasu masana biyu 'yan Japan, Kagari Aoki da Masao Amano. Sun tattara bayanan wata 'yar na'ura da ake manna wa kifin a gadon baya da kofunan roba masu tsotso, ba tare da an huda fatarsa ba. Tana rubuta zurfin da ya kai, da yadda jikinsa ya karkata, da duk sautin da ya fitar, bayan wasu sa'o'i ta ɓalle ta taso a ɗauke ta. Kifaye 59 aka bi a tekuna daban-daban. An tarar kashi 7.1 cikin ɗari na lokacinsu kawai suke yi a wannan tsayuwa, galibi tsakanin ƙarfe shida na yamma da sha biyun dare. Idan kuka lissafa, bai cika awa biyu a kwana guda ba, kuma ba a jere ba, gutsi-gutsi ne, yawanci na 'yan mintoci goma zuwa sha biyar.

Yadda yake shiga barcin ma abin kallo ne. Wani lokaci yakan ɗan nutsa da kai, ba da nisa ba, sai ya daina kaɗa wutsiya. Kansa, wanda ya kai kashi ɗaya cikin uku na jikinsa, cike yake da wani mai da bai kai ruwan teku nauyi ba, don haka a hankali jikin yake juyawa da kansa har goshi ya fuskanci sama. Wani lokacin kuma daga saman ruwa yake sulalewa ƙasa, wutsiya ce a gaba. A wannan hali ba ya numfashi, ba ya kuma yin ƙas-ƙas ɗin nan da yake lalube da shi a cikin duhu. Masu binciken sun ɗauki wannan shiru, da rashin ankararsu da jirgi, a matsayin alamar cewa ƙwaƙwalwar gaba ɗayanta ce take hutawa.

Ba za ku ga nauyin wannan ba sai kun san aikin da yake yi a sauran lokacin. Nutso ɗaya yakan ɗauke shi minti 45, zuwa zurfin mita 400 har 1,200, wani sa'in ma ya wuce 2,000, inda babu hasken rana, ga sanyi, ga nauyin ruwa da ke matse huhu. Can yake farautar sikwid, dabbar nan mai laushin jiki da hannuwa barkatai. Ya taso ya yi minti tara ko goma yana huci, ya sake komawa, dare da rana. Kusan kashi uku cikin huɗu na rayuwarsa a wannan kai-komo yake ƙarewa. Uwa mai goyo kuwa nata ya fi yawa, domin jariri ba ya iya bin ta ƙasa. Matan zama suke yi dangi-dangi, sukan saɓa lokacin nutso don kada a bar ɗan shi kaɗai a sama.

Ga abin da ya dame ni, shi ne kuma ya sa na zaɓi wannan batu. Hutun wannan dabba, na shan iska da na barci, duk a 'yan mitocin saman teku yake, daidai inda cikin manyan jiragen dakon kaya da farfelarsu suke ratsawa. Mun riga mun kashe dubban ɗaruruwansu don man da ke kansu kafin a dakatar da farautarsu ta kasuwanci a 1986, kuma macen sai bayan shekara huɗu ko fiye take sake haihuwa, ɗa guda. A gabashin Bahar Rum, inda waɗanda suka rage ba su kai 300 ba, masana a Girka sun ga kusan rabin gawarwakin da teku ta turo gaɓa suna ɗauke da saran jirgi. Haka ake fama a tsibiran Kanari, inda jiragen fasinja masu gudu suke zirga-zirga.

Maganin ba mai wuya ba ne, kuma an fara. A 2022 kamfanin MSC ya karkatar da hanyar jiragensa daga wuraren da suke taruwa a yammacin Girka. A Nuwamban 2023 ƙaramar ƙasar Dominika da ke yankin Karebiyan ta sanar da keɓe musu kusan murabba'in kilomita 800 na ruwanta, inda manyan jirage za su bi hanyoyin da aka shata musu. Kifin anbar yana nan a mashigin tekun Gini da ke kudu da mu, inda jiragen mai da na kaya suke shiga da fita kullum. Ɗalibanmu na kimiyyar halittu, aikin farko a can shi ne a ƙidaya su, a san inda suke kwana, kafin a je wa hukumomin tashoshin ruwa da maganar sauya hanya ko rage gudu.