Awon Aiki da Gadin Ma'aikaci: Jawabi a kan Zaɓen Manhajar Lissafin Lokaci



An nemi mu yi magana a kan yadda kamfani zai zaɓi manhajar kwamfuta mai lissafin lokacin aiki. Ba da daɗewa ba wasunku za a ɗora musu irin wannan nauyi, a ce su kawo shawara, kuma a kan maganarsu za a kashe dukiyar jama'a ko ta masu jari.

Shi awon lokacin ma'aikaci tsohon abu ne. A 1888 wani Ba'amurke, Willard Bundy, ya ƙera agogon da ke buga lokacin zuwan ma'aikaci da na tashinsa a takarda. Kamfanin da ya gaji wannan sana'a yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911, aka sake wa haɗakar suna IBM a 1924. Agogon Bundy tambaya ɗaya yake amsawa, wato yaushe wane ya zo, kamar dai littafin sa hannu na ofisoshinmu da akan ja wa layi idan lokaci ya wuce. Amma kamfanin lauyoyi, ko na akantoci, ko na injiniyoyi, wata tambaya ce ke gabansa: wannan aiki nawa ya ci mu, kuma nawa za mu nema a biya? Lauyoyin Amurka da yawa har kasa awa suke yi gida goma, suna cajin mai shari'a minti shida-shida. A dubi lissafin: idan mutum 20 kowa ya bar minti 15 bai rubuta ba kullum, a ranakun aiki 220 an yi asarar awa 1,100.

Saboda haka abin dubawa na farko shi ne ko manhajar tana iya raba lokaci bisa abokin ciniki, da kwangila, da irin aikin, ta kuma ware awoyin da za a caja daga waɗanda kamfani zai haɗiye. Na biyu, ko tana miƙa alƙalumanta kai tsaye ga manhajar ajiye lissafi irin su QuickBooks ko Xero, domin duk inda sai akawu ya sake kwafa da hannu, nan kuskure ke shiga. Na uku, ko tana barin shugaba ya duba ya amince, tana kuma ajiye shaidar wanda ya gyara adadi da ranar da ya gyara. Na huɗu ya shafe mu musamman: ko tana aiki idan intanet ya yanke, da kuma kuɗinta. Galibinsu da dala ake biya, kowane mutum kowane wata, kuma duk wanda ya ga faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ya san abin da wannan ke nufi. Akwai Kimai, wadda kyauta ce idan kamfani zai ɗora ta a kan kwamfutarsa, sai dai dole ya riƙi mai kula da ita. Araha ba ta ado.

To, ga inda gizo ke saƙa. Manhajojin nan iri biyu ne. Irin su Toggl Track da Harvest ma'aikaci ne ke kunna agogo ya faɗi aikin da yake yi. Irin su Hubstaff kuwa suna iya ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa, su auna yawan motsin hannunsa a kan madannai. Sabon manaja yakan ɗauka iri na biyu ya fi tsare gaskiya. Bari mu dubi abin da ya faru. A Fabrairun 2020 bankin Barclays na Ingila ya janye wani tsari mai bibiyar zaman ma'aikata a gaban kwamfuta bayan an yi ca a kansa. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma bisa zargin ƙirƙirar motsin madannai don a zaci aiki suke yi. Wanda aka auna da motsi, motsi zai bayar. Injiniyan da ya yi awa guda yana nazarin zane a takarda, a idon irin wannan manhaja malalaci ne.

Doka ma ta shigo. A Mayun 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dole ƙasashen ƙungiyar su wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata auna awoyin aiki na kullum, kuma dalilinta shi ne kare hutun ma'aikaci. A Nijeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta hana tara bayanai fiye da bukata. Ke nan kafin a saya sai a tambaya: ina ake ajiye bayanan, wa ke ganinsu, kuma za a iya kwashe su ranar rabuwa?

Shawararmu ita ce a rubuta tambayar da ake so manhaja ta amsa kafin a saurari dillali. Sa'an nan a gwada ta wata guda a sashe ɗaya, a gaya wa ma'aikata abin da ake aunawa da dalilinsa, a bar kowa ya ga nasa alƙaluman. Ma'aikacin da ke tsoron agogo ƙarya zai rubuta masa, a kan ƙaryar kuma za a yanke farashi da kasafin baɗi.

Allah ya sa mu riƙe amana.