Numfashin Yaro a Gadon Asibiti

 

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti lokacin hunturu ya san sautin nan: yaro yana numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa, uwa ta zuba masa ido. Ciwon huhu ke nan, wanda muke kira nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000. A 2018 kuwa Nijeriya ce ta zo kan gaba a duniya, da kimanin yara 162,000.

To, me ke jawo shi? An daɗe ana ɗora laifin duka a kan bakteriya. Sai aka yi wani babban bincike mai suna PERCH, daga 2011 zuwa 2014, a ƙasashe bakwai: Gambiya, Mali, Kenya, Zambiya, Afirka ta Kudu, Bangaladash da Tailan. An duba yara fiye da 4,000 da aka kwantar da nimoniya mai tsanani. Da sakamako ya fito a 2019, sai ga shi a cikin yaran da hoton ƙirji ya tabbatar da ciwonsu, kashi 61 cikin ɗari bairos ne ya kayar da su, bakteriya kashi 27. Bairos guda, RSV, shi kaɗai ya kwashi kashi 31. Ku lura fa, Nijeriya ba ta cikin ƙasashen nan bakwai, ga shi kuma ita ke binne yara fiye da kowa.

Bairos ba ya jin maganin kashe bakteriya. Ba ina cewa a daina ba da irin wannan magani, kamar amoksisilin, ba ne, domin likita ba ya iya bambance nimoniyar bairos da ta bakteriya da ido, kuma bakteriya ta fi saurin kisa. Abin da nake cewa, yaron da huhunsa ya cushe iskar oksijin yake nema kafin komai. A ƙasar Papuwa Nugini an saka injinan tace oksijin da 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa a wasu asibitoci biyar. Rahoton 2008 ya nuna mutuwar yara masu nimoniya ta ragu da kashi 35. Ba sabon magani aka gano ba, kayan aiki aka kawo, aka koya wa ma'aikata.

Sannan yaronmu ba ya zuwa da cuta ɗaya. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga ƙarancin jini, wani ma bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Mai binciken da ya duba huhu kawai ya bar rabin yaron a baya.

Iyaye mata, ga naku: ku ƙirga numfashin yaro na minti guda yana kwance shiru. Daga wata biyu zuwa shekara, in ya kai 50, daga shekara zuwa biyar, in ya kai 40, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya kemis. Ku kuma shugabannin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ina roƙonku ku haɗa kai ku yi mana irin binciken PERCH a kan namu yaran.